ZARE: Cajar mashina, kek ɗin Hajiya, da kwan fitilar Baba

Duk mai aikin kai saƙo a kan mashin, ko mai ɗora waya a kan mashin yana bin taswira, ya matso kusa. Yau zan ba ku labarin yadda na ƙona kuɗin man sati biyu, na kusa rasa babbar kwastomata, a kan matsalar da ni na ƙulla ta da hannuna. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

Mu yi yarjejeniya tukuna. Hausa ta haɗa mana abu biyu a suna ɗaya, ta kira waya ce, ta lantarki ma waya ce. To a zaren nan in na ce waya, ta aljihu nake nufi. Ta lantarki zan ce mata kebul. Kada wani ya zo yana tambayata yadda aka yi na fere wayata da reza.

Mashin ɗin ba nawa ba ne, na Yayana ne, irin 'yan China ɗin nan masu zubin CG 125. Da aiki ya mayar da shi Abuja sai ya bar min makulli da sharaɗi biyu: kada in ɗauki fasinja, kada in nemi kuɗin gyara a wurinsa. Na farkon ba sai ya faɗa ba, tun 2013 aka hana acaɓa a Kano. Na biyun ne ya zame min aiki.

Ina aji uku a jami'a. Bayan lakca ina kai wa matan da ke sana'a a WhatsApp da Instagram kayansu: turaren wuta, abaya, samosa, kek. Da abin nake haɗa kuɗin rajista, in sayi data, wani lokacin in miƙa wa Umma na cefane in ji ni ma namiji ne.

Wanda bai taɓa aikin ba zai ce ɗan Kano me zai yi da taswira a cikin Kano? Malam, ka taɓa jin kwatancen gidan biki? "Ka wuce masallacin Juma'a, ka sha kwana ta biyu, za ka ga mai shayi, gida na huɗu mai baƙin get." Ka je ka tarar mai shayin bai fito ba ranar, kuma duk layin baƙin get ne. Cikin gari da sauƙi. Amma sababbin unguwannin nan na bayan Danbare ko Farawa, lungu ba suna, gida ba lamba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk kwanar da ka sha ba daidai ba daga ribarka take fita. Shi ya sa kalmar da na fi faɗa a rayuwata yanzu ita ce "a turo lokeshan".

E, Labarin Ƙasa nake karantawa. Na san za ku yi dariya a gaba, ku fara tun yanzu mu huta.

Matsalar taswira cin batir. Allo a kunne da cikakken haske saboda rana, ga GPS, ga data, duk lokaci ɗaya. Wayata ta kwana biyu, awa biyu da rabi take yi ta kwanta. Sai na sayi mariƙin waya mai haɗe da caja, wanda ake ɗaurewa a kan mashin. Aikinsa ba wani sihiri ba ne: yana karɓar bolt 12 daga mashin ya sauke shi zuwa bolt 5 da ramin USB ke bayarwa. Kebul biyu ne suka fito daga jikinsa, ja da baƙi.

Mai shagon ya ce in kai wa mai wayarin ya haɗa min. Na ce a raina, don kebul biyu? Na kalli bidiyon minti shida a YouTube, na tashi injiniya.

Haɗi na farko: kai tsaye kan batir. Ja a fozitif, baƙi a negatif. Ya yi aiki lafiya lau, har na ɗauki hoto na sa a sitatus. Abin da ban lura ba, 'yar shuɗiyar fitilar jikin cajar ba ta mutuwa ko na cire makulli. Tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. In kana hawa kullum ba za ka ji ba. Ni kuwa na ajiye mashin kwana goma sha biyu saboda jarrabawa, batirin kuma ƙarami ne ga tsufa. Na dawo na danna sitata, ko tari bai yi ba. Kik ne ya rufa min asiri.

Haɗi na biyu shi ne wautar da har yau nake jin kunya. Na ce bari in jona a kebul ɗin fitilar gaba, tunda ita ba ta ci sai inji na aiki. Ashe a irin wannan mashin ɗin fitilar gaba ba daga batir take sha ba. Daga koyil ɗin inji take sha kai tsaye, wuta ce mai kai da komo, ba miƙaƙƙiya irin ta batir ba. Shi ya sa za ka ga fitilar tana ƙara haske in ka murɗa mai, ta dushe in ka saki. Cajar ba irin abincinta ba ne wannan. Ta yi kwana biyu tana kyaftawa, ranar na uku na ji warin roba a danja. Allah ya jiƙan rai.

Na sayi ta biyu. Mai shagon bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Haɗi na uku na ɗan yi tambaya. Wani yaron shagon gyara ya faɗa min abin da ya kamata kowa ya sani: a mashin masu tsarin wayarin irin na Honda, baƙin kebul ba negatif ba ne. Shi ne mai kawo wutar batir bayan an murɗa makulli. Kore shi ne negatif. Wato akasin abin da kanka zai raya maka. Ku kula fa, ba kowane mashin ke bin wannan launin ba, kowa ya gwada nasa kafin ya yanka.

Na samu baƙin a gefe, wajen makunnin fitilar birkin ƙafa. Na fere shi da reza, na naɗe wani siririn kebul da na ciro daga tsohuwar rediyon gidanmu, na murɗa da yatsa, na lulluɓe da baƙin salatif. Na ja shi ta ƙarƙashin tanki, ta gefen wuyan mashin, har zuwa kai. Tsawonsa cif-cif ne, ba rara, sai ma da na ɗan ja shi ya kai. Negatif ɗin kuma bai kai ko'ina ba, sai na kwance notin madubi na cusa shi a ƙasa na ɗaure. Na ce ƙarfe ai ƙarfe ne.

Ku riƙe wannan sakin layin, za mu dawo kansa.

Kuma wallahi ya yi aiki. Makulli a kunne caji, a kashe shiru. Ya ci ragowar damina, ya ci hunturu da ƙurarsa. Wata bakwai ban ko tuna da shi ba. Har abokai biyu na yi wa alkawarin zan haɗa musu nasu. Allah ya tsare su, ban samu lokaci ba.

Wajen watan Maris aka fara. Ina cikin tafiya sai in ji ƙarar nan ta shigar caji, ɗin! Can kuma ɗin! Ta katse, ta dawo. Wata rana sau biyu, wata rana kamar ana buga ƙararrawar firamare. Abin haushin, duk lokacin da na tsaya in duba, lafiya ƙalau take caji. Kamar yaron da ke kukan ciwon ciki, ana zuwa asibiti ya warke.

Na fara da zargin kebul ɗin caji. Na sayi sabo. Kwana ɗaya shiru, na ce alhamdulillahi, washegari ɗin! Na sayi wani mai tsada mai saƙa a jiki. Ɗin! Na karɓi na ƙanwata da ƙarfin yayantaka. Ɗin!

Na koma zargin wayar. Na sa tsinken sakace na tono ramin cajin, na fito da audugar aljihu da ta isa yin matashi. Ba ta daina ba. Na kai ta Farm Centre in sa a canja mata ramin caji. Mai gyaran, Allah ya saka masa da alheri, ya jona ta a tasa cajar, ya girgiza, ya lanƙwasa, ya ce wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka ɓata kuɗinka. Da wani ne da ya canja ya karɓi kuɗinsa.

Sai na kira abokina ɗan Fiziks ya zo da mitarsa ta awon wuta. Muka kafe mashin a inuwa, kai a miƙe, ba waya a jone. Ya ɗora tsinke ɗaya a jan kebul, ɗaya a notin madubi. Mita ta nuna 12.5. Muka tayar da inji ta haura 14 da ɗan wani abu. Ya ce ka gani, batir lafiya, caji lafiya, wayarin lafiya. Ya rufe mitarsa kamar likita ya gama duba mara lafiya, ya ce cajar ce.

Saura ƙiris in sayi ta uku. Rashin kuɗi ne ya hana ni, ba hankali ba.

Bari in yi isha'i in dawo, yanzu za mu shiga inda abin ya daina ban dariya.

To na dawo.

Akwai wata Hajiya mai yin kek, ita ce rabin aikina. Tare suke zuwa Islamiyya da Umma, ta nan ta san ni. Ba ta taɓa ƙirga canji a gabana ba. Ita ta haɗa ni da mata huɗu cikin waɗanda nake yi wa aiki. In ta kira, ko ina tsakiyar cin abinci nake tashi.

Bayan ƙaramar sallah, lokacin da bukukuwa suka ɓarke, ranar wata Asabar ta ba ni kek mai hawa biyu in kai Farawa. Walimar sauka ce ta wata yarinya, ƙarfe huɗu za a yanka. Na ɗauka ƙarfe biyu da rabi. Ta ce, "Ɗana, a hankali, kwalliyar bota ce, ba ta son rana." Na ce in sha Allahu Hajiya, minti arba'in na kai.

Wayata tana kan 23. Na gani da idona. Na ce ai tana kan caji.

Watan Afrilu ne a Kano, zafin da ke haura digiri 40, iskar da ke bugun fuskarka kamar an buɗe murhu. Ina tafiya a hankali saboda kek, ina kauce wa ramuka, ina karkata nan ina karkata can. Ita kuwa ɗin! ɗin! ɗin! ba ƙaƙƙautawa. Abin da ban gane ba a lokacin, cajin da ke shiga yana fita duk bayan daƙiƙa kaɗan ba caji ba ne. Alamar tana nunawa, amma abin da taswira da allo ke ci ya fi abin da ke shiga. A Dangi na duba, 14. Na kama titin Maiduguri, 9. Na wuce Hotoro, 4.

A nan ya kamata in tsaya in kwafi lambar matar a hannuna da biro. Daƙiƙa talatin. Ban yi ba, na ce bari in ƙara wuta in isa kafin ta mutu.

Ta mutu ina gab da barin kwalta.

Ku duba halin da nake ciki. Lokeshan yana cikin wayar. Lambar mai karɓa tana cikin wayar. Lambar Hajiya tana cikin wayar. Lamba ɗaya tak na haddace a duniya, ta Umma, ita kuma ranar ta tafi ta'aziyya ta bar wayarta a gida. Abin da na riƙe daga taswirar kawai shi ne wani shuɗin layi da ya lanƙwasa dama, sannan hagu. Ɗalibin Labarin Ƙasa, aji uku.

Na shiga tambaya. "Don Allah ina ake walimar sauka?" Ranar Asabar, bayan sallah. Gida uku aka nuna min, na je biyu, duk ba su ba ne. A ɗaya har an fara murna an ga kek. Na ɓata fiye da minti arba'in ina zagaye a rana kafin hankalina ya dawo in nemi mai cajin waya. Na samu wani a kes, janareto na ta ƙara. Wayar ta yi zafi har ta ƙi karɓar caji sai da muka cire mata riga muka ajiye ta a inuwa ta huce. Minti ashirin kafin ta kunna. Kira tara daga Hajiya.

Na isa biyar da rabi. Da aka buɗe kwalin, hawan sama ya zame ya jingina, sunan yarinyar da aka rubuta ya narke ya gangaro. Yarinyar tana tsaye cikin fararen kaya, ba ta fi shekara goma sha biyu ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai kalli kek ɗin, ta kalle ni. Na fi son a ce kuka ta yi.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Na je har gida na durƙusa na ba da haƙuri, na ce a cire daga kuɗina. Ta ce, "Ba komai ɗana, tsautsayi ne." Ta mayar wa matar rabin kuɗinta daga aljihunta. Daga ranar kuma wayata ba ta sake nuna sunanta ba. Sati ɗaya, biyu, uku. Biyu daga cikin matan da ta haɗa ni da su su ma suka yi shiru. Umma ba ta tambaye ni ba, wanda ya nuna min ta riga ta ji.

Tsautsayi ta ce. Ni na san 23 na gani kafin in tashi.

Litinin na kai mashin wurin wani dattijo mai wayarin a unguwarmu, wanda nake wucewa kullum ina ganin kamar zamani ya bar shi. Rumfar kwano ce, benci ɗaya, da tarin matattun batira. Na gaishe shi na zayyana masa komai, har da 12.5 ɗin abokina, don ya san ba da jahili yake magana ba.

Ya ce, "Yaushe take katsewa?"
Na ce, "Baba, kowane lokaci."
Ya ce, "A'a. Kana miƙe ko kana shan kwana? A kwalta ko a gargada?"
Na yi shiru. Wata biyu ina fama da abu, ban taɓa lura ba.
Ya ce, "Ɗan makaranta ke nan."

Bai ɗauko mita ba. Ya ciro wani kwan fitilar birki mai wat 21 da aka liƙa wa kebul biyu, duk ya yi baƙi don tsufa. Ya murɗa makulli, ya ɗora ɗaya a jan kebul ɗin cajar, ɗaya a notin madubi, daidai inda abokina ya auna. Kwan ya kama, amma ja-ja, kamar fitilar ƙwai da mai ya ƙare mata. Ya ce in juya kan mashin dama. Yana nan. Ya ce hagu. Ɗif.

Dama, wuta. Hagu, ɗif. Sau uku muna yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ya cire wanda ke kan notin madubi ya ɗora a jikin inji. Haske ya ƙaru nan take. Ya ce wannan ɗaya ke nan. Na juya hagu, ya sake mutuwa. Ya ce ga ta biyu. Ashe cuta biyu ce a jiki ɗaya, shi ya sa ta ƙi kama da komai.

Ta farko, negatif ɗina. Kan mashin ba a haɗe yake da gangar jiki kamar yadda ido ke gani ba. A kan boris yake juyawa, boris kuma cikin giris yake. Wato wutar da ke komawa batir sai ta ratsa ta cikin maiƙo da 'yan ƙwallayen ƙarfe masu motsi, ko ta lalubi hanya ta wayar kuloci. Wani lokacin ta samu, wani lokacin ta rasa. Ƙarfe ai ƙarfe ne, in ji ni.

Ta biyu, ya bi siririn kebul ɗin rediyon nan da yatsa tun daga ƙarƙashin tanki. Da ya zo wuya ya tsaya, ya ɗan ja, robar ta miƙe kamar cingam. Ya yanka ya nuna min. A waje lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A ciki duk silin tagullar sun karye, saura biyu. Wata bakwai ina juya kai, kebul ɗin da ba shi da rara yana lanƙwasa a wuri ɗaya, sili na karyewa ɗaya bayan ɗaya. In na juya hagu ya miƙe, bakin karayar ya rabu. In na dawo su taɓa juna.

Da ya ɓare salatif ɗin da na naɗa a wajen birki kuwa, mahaɗar ta yi kore shar. Ruwan damina ya shiga ya kwanta, gam ɗin salatif ya saki saboda zafin inji. Ya ce wannan ba ta fara ba tukuna, tana layi.

Na ce, "To Baba, me ya sa mita ta ce lafiya?" Ya ce, "Mitarku tambayar kebul take yi ko yana da wuta, shi kuma ya ce e. Kwan nan cewa yake ba ni in gani."

Da na faɗa wa abokina ya dafe kai, don ya san bayanin sarai, a takarda. Mita kusan ba ta jan komai in tana auna bolt, don haka ko sili ɗaya ya rage za ta nuna maka 12.5 cif. Kwan wat 21 a kan bolt 12 kuwa yana jan kusan amfiya 1.75. Sai an ja wuta irin haka mahaɗa mai tsatsa ko kebul mai karaya ke nuna halinsa, ƙarfin ya zube a hanya kafin ya iso. Mitar ba ta yi ƙarya ba. Mu ne muka auna ba waya a jone, mashin a kafe, kai a miƙe, wato a yanayin da matsalar ba ta taɓa faruwa ba.

Gyaran bai kai minti arba'in ba. Ya cire kebul ɗina gaba ɗaya ya wurgar. Ya buɗe ƙoƙon fitilar gaba, ashe baƙin da koren duk suna nan ciki, taƙi ɗaya daga inda cajar take. Kuma tunda ƙoƙon tare yake juyawa da kai, babu sabon kebul da zai ratsa wuya balle ya karye. Ni na je har wajen birkin ƙafa na ɗauko abin da ke gaban hancina.

Ya jona ja a baƙi, baƙin cajar a kore. Bai murɗa da yatsa ba, da dalma ya liƙe, ya zura robar nan da ake haska wa wuta ta matse. Ya sa ƙaramin fiyus mai amfiya 3 daidai inda ya ɗebo wutar. Na ce ai mashin yana da fiyus. Ya ce wancan babba ne, na mashin ne gaba ɗaya. In cajarka ta yi gajeren haɗi, kafin ya ƙone siririn kebul ya riga ya narke, in kuma ya ƙone ka rasa hon da sigina a tsakiyar titi saboda caja. Wata bakwai ina yawo da kebul marar fiyus nasa a ƙarƙashin tankin mai. Ban faɗa wa Yaya wannan ba, kuma in ya gani a nan, Yaya ka yi haƙuri.

Ya bar ɗan rara a kebul ɗin, ya ɗaure da yankin tsohon tub. Ya juya mariƙin yadda bakin USB zai kalli ƙasa kada ruwa ya taru a ciki, ya ce in riƙa rufe murfinsa in ba na amfani da shi. Sannan ya sa na jona wayar, na tayar da inji, na juya kai dama da hagu har ƙarshe sau goma yana kallo. Shiru. Ban taɓa jin daɗin shiru irin na ranar ba.

Kuɗin da ya karɓa bai kai na kebul ɗin caji mai saƙar nan da na saya ba.

Wasu abubuwan da na tsinta daga baya, a gurguje. In inji na aiki ka auna batir ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, caji lafiya. In ya haura 15, rektifaya ce, kuma za ta iya kashe maka caja da batir duka. Kebul ɗin caji gajere mai kauri ya fi dogo siriri, mai lanƙwasasshen kai kuma ya fi sauƙi ga ramin waya a gargada. Da tsakar rana ko wayarin ɗinka na zinare ne waya za ta rage caji ko ta tsayar in ta yi zafi, kare batirinta take yi, don haka cire mata riga. Google Maps yana bari ka sauke taswirar gari ka ajiye, na sauke ta Kano. Masu iPhone kuma, kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamara, ku nemi mariƙi mai roba. Ni wannan bai shafe ni ba, kyamarata ta riga ta gama lalacewa da kanta.

Kuma in magariba ta yi, ko ka shiga cunkoso, cire ta daga mariƙin ka sa a aljihu. Kun san garin da muke ciki.

Yanzu kafin in tashi, lambar mai kaya da ta mai karɓa da kwatancen baki duk sai na rubuta a takarda na soke a aljihun gaba. Waya in ba ta kai 60 ba ba na ɗaukar abin da ke narkewa. Na roƙi Baba ya sayar min da kwan nan ya ce ba na sayarwa ba ne, ya girme ni. Na haɗa nawa, yana ƙarƙashin sirdi.

Maganar Hajiya kuwa, Umma ce ta ce kada in kira, kada in tura saƙo, in bari. Na bari. Sati na biyar ta turo in kai samosa Naibawa, abin da ko ɗan aike a keke zai kai. Na kai kafin lokaci. Bayan kwana huɗu, cincin zuwa Sharaɗa. Ba ta ce komai a kan wancan ba, ni ma ban ce ba. Ɗaya daga cikin matan nan biyu ta dawo, ɗayar har yau shiru.

Ɗazu bayan la'asar saƙonta ya shigo. Kek, hawa biyu, Asabar, Mariri. A ƙasa ta ƙara da cewa, "Ɗana, ka zo da wuri, kuma ka cika wayarka."

Na ce to Hajiya. Na riga na rubuta lambar a takarda. Gobe ina da gwaji ƙarfe takwas kuma ban buɗe littafi ba, sai da safe.